Markgraf: sarautar tsaron iyaka a tsohuwar daular Jamus, daga ina ta taso?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. Ina so mu zauna a kan wata sarauta ta tsohuwar daular Jamus da ke rikita mai karatu, wato Markgraf. Kalmar haɗi ce. Mark na nufin ƙasar bakin iyaka, Graf kuma wakilin sarki ne mai riƙe da gunduma. In aka tsaya nan, ma'ana ta fito: mai riƙe wa sarki ƙasar iyaka. To amma akwai abu biyu da wannan bayani bai warware ba. Tun 1112 masu mulkin Baden ke amsa sunan Markgraf, alhali a lokacin Baden na cikin tsakiyar daula, Alsace da ke tsallaken kogin Rhein ma ta daular ce. Wace iyaka suke tsaro? Sannan dokar 1356 ta tabbatar da Markgraf na Brandenburg cikin mutum 7 masu zaɓen sarki, ga ɗimbin masu sarautar Graf da ko ƙofar ɗakin zaɓen ba su kusanta ba. Me ya raba su haka, tun da tushen ɗaya ne?

Dakta Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam. Sai mun san Graf tukuna kafin a ɗora masa Mark. A dokar Farankawa (mutanen da daularsu ta haifi Faransa da Jamus) ta Lex Salica, wadda aka rubuta a farkon ƙarni na 6 zamanin sarki Clovis, ana kiransa grafio. Marubutan Latin kuma suna ce masa comes, abokin tafiyar sarki. A kan asalin grafio masana sun rabu: wasu na kai ta ga kalmar Girkanci mai nufin marubuci, wasu na ganin ta gida ce. Aikinsa dai a fili yake. Yana zaman shari'a a gundumarsa, yana karɓar kuɗin sarki, in yaƙi ya taso shi ke tara mazaje ya kai su sansani. Ladansa kashi ɗaya cikin uku na tarar da aka ci, da amfanin gonakin da aka haɗa wa kujerar. Da fari ma'aikaci ne, sarki ya naɗa, sarki ya tuɓe. Sharliman, wanda ya hau mulki a 768 aka naɗa shi Kaisar, wato babban sarkin daula, a 800, yana aika jakadu bibbiyu, yawanci malamin coci ɗaya da basarake ɗaya, su zaga su ji koken talakawa a kan masu gunduma.

Abin da ya shafi tambayarka yana bakin Notker, wani malamin gidan ibada na St. Gallen da ya rubuta labarin Sharliman a shekarun 880. Ya ce Sharliman ba ya haɗa wa mutum ɗaya gunduma fiye da ɗaya, in ba waɗanda ke zaune a bakin iyaka ba. Wannan togaciya ita ce irin da sarautar ta tsiro daga gare shi.

Alhaji Mudi:
Dakta ta kawo mu bakin zaren. Bari in nuna dalilin togaciyar da lissafi, don ba son kai sarki ya yi wa na iyaka ba, tilas ce. Rundunar Farankawa ba ta zaune a bariki. Dokar 808 ta ce mai 'yanci da ke da gona 4, kowace gona daidai wadda za ta ci da gida guda, shi zai fita da kansa. Mai 3 a haɗa shi da mai 1, ɗaya ya tafi ɗaya ya taimaka da kaya. Masu ɗaiɗai su huɗu su shirya mutum guda. Dokar Boulogne ta 811 ta ƙara da cewa kowa ya zo da guzurin wata 3, da makamai da tufafin wata 6, kuma ba daga ƙofar gida ake fara ƙirga wata ukun ba, daga iyaka ne: mai zuwa gabas ta ƙasar Saksoni kogin Elbe ne iyakarsa, mai zuwa Sifaniya duwatsun Pyrenees. Wanda ya ƙi fita tararsa sule 60.

Yanzu a auna. Mahara sun ƙetaro kogi da asuba sun ƙone ƙauye. Kafin manzo ya isa fada a Aachen, sarki ya ba da umarni, a kira mutane daga gonakinsu, a haɗu, a taso, an yi makonni, mahara sun daɗe da komawa da shanu da bayi. Mai gunduma ɗaya kuma mutanensa ba su isa tare su ba, kuma ba shi da hurumin kiran na maƙwabcinsa. Maganin shi ne a haɗa wa mutum ɗaya gundumomi da yawa, a ba shi ikon kiran yaƙi ba tare da jiran fada ba. Akwai wata doka ta zamanin da ta nuna bambancin sarai ga mutanen Saksoni: in yaƙin Sifaniya ne ko ƙasar Avar, wata al'umma da ke gabas a gaɓar kogin Danub, mutum 5 su shirya na 6. In Bohemiya ce, 2 su shirya na 3. In kuwa Sorb ne suka taso, maƙwabtansu na kusa, kowa da kowa ya fito.

Malama Sadiya:
Baba Alhaji, lissafin ya yi, amma ina da gyara kan yadda muke magana kamar akwai sarauta mai suna Markgraf tun zamanin Sharliman. Takardun lokacin ba su tsaya kan suna ɗaya ba. Roland, wanda aka kashe a mashigin Roncevaux a 778, Einhard, marubucin tarihin Sharliman, ya kira shi praefectus, wato shugaba, na iyakar Bretagne. Gerold na Bavariya ma praefectus ne. Eric na Friuli ana ce masa dux, wato jagoran runduna. Kalmar marchio sai cikin ƙarni na 9 ta fara yawo, kuma mutum ɗaya kan fito a wannan takarda comes, a waccan marchio, a ta uku dux. Taswirorin da ke zana wa kowace Mark layi mai kauri da launi nata aikin masu bugun littattafai ne na baya-bayan nan. A ƙasa, Mark yanki ne mai faɗi da ke kumbura yana motsewa gwargwadon ƙarfin mai riƙe da shi.

Alhaji Mudi:
Haka ne, 'yata, aikin ya girmi sunan. Kuma aikin ba yaƙi kaɗai ba ne. Dokar Diedenhofen ta 805 ta jera garuruwan da fatake za su tsaya in za su yi ciniki da Avar da Slav, ƙabilun da ke gabas da daular, ciki har da Bardowick, Magdeburg, Erfurt, Forchheim, Regensburg da Lorch, kowane gari da jami'in da aka ambaci sunansa. An hana sayar musu da makamai da sulke. Wanda aka kama da su an ƙwace dukan kayansa, rabi na fada, rabi a raba tsakanin jami'in da wanda ya tona. Mai riƙe da iyaka ke nan yana riƙe da ƙofar kasuwa, kuma nan dukiya take.

Bashir:
Tambaya a gefe, Baba. Wannan sule da ake ta ambata, shi ne namu na da?

Alhaji Mudi:
Kakansa ne. A tsarin Sharliman fam ɗaya na azurfa sule 20 ne, sule ɗaya kuma tsaba 12. Ingila ta gaji lissafin, ta kawo shi Najeriya, aka yi ta amfani da fam da sule da kwabo 12 har zuwa 1973 da naira ta shigo.

Malam Ɗanlami:
A kuma faɗi abin da ke lalacewa, don tsarin na da rauni biyu. Na farko, komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya da ke gaban runduna. A 799 kaɗai an rasa Gerold da Eric. A 907 Magyar, kakannin mutanen Hungari, suka murƙushe rundunar Bavariya a Pressburg, aka kashe Markgraf Luitpold tare da babban bishop na Salzburg, ƙasar gabas da aka ƙwato daga Avar ta suɓuce har sai bayan Otto na 1 ya ci Magyar a Lechfeld a 955.

Rauni na biyu kishiyar na farko ne. In mai iyaka ya yi nasara, ya fi ƙarfin a tuɓe shi. Yana da dakaru masu biyayya gare shi, da ganuwoyi, da ganima. Ku dubi Barcelona: Farankawa sun karɓe ta a 801 don ta zama garkuwa a kudu, kafin ƙarshen ƙarni na 10 masu riƙe da ita sun daina kai wa sarkin Faransa caffa. Sarki na bukatar mai iyaka ya yi ƙarfi, yana kuma tsoron ƙarfin, kuma kusan duk rigimar da za mu ambata nan gaba daga wannan ta fito.

Dakta Rabi:
Mu shigo Jamus sosai. Heinrich na 1 ya ci Brandenburg a hunturun 928 zuwa 929, ya gina ganuwar Meissen a kan tudu bisa kogin Elbe a 929. Ɗansa Otto ya ba Hermann Billung arewacin iyakar a 936, ya ba Gero tsakiyarta a 937. Yadda ake riƙe ƙasar shi ne Burgward: ganuwa guda a tsakiya da dakaru a ciki, ƙauyukan Slav na kewaye suna kawo haraji, suna aikin gyaran katanga. Bayan takobi sai coci. An kafa kujerun bishop a Havelberg da Brandenburg a shekarun 940, aka ɗaga Magdeburg ta zama ta babban bishop a 968, kuma coci na da ushirinta a kan amfanin gona. Da Gero ya mutu a 965 ba ɗa namiji a raye, Otto bai sake damƙa wa mutum ɗaya wannan faɗin ƙasa ba. Daga cikinta aka fitar da Nordmark, Lausitz, Meissen, Merseburg da Zeitz. Wannan ke nuna cewa har lokacin kujerar a hannun sarki take.

Malam Ɗanlami:
Gero ne cikakken misalin Markgraf. Shekara 28 yana riƙe da iyaka ba ta ɓalle ba, ya kai ikon daula har wajen kogin Oder, ya bar cocin Gernrode da ke tsaye har yau.

Malama Sadiya:
Malam, ban yarda a tsaya nan ba. Widukind na Corvey, wanda ɗan Saksoni ne mai yabon gidan Otto, shi da kansa ya rubuta cewa Gero ya kashe shugabannin Slav kusan 30 a dare ɗaya bayan liyafa, giya ta ɗebe su. Ya ce sun ƙulla kashe shi ne ya riga su. Ko da haka ne, kashe mutum a kan akushi cin amana ne, kuma abin da ya biyo baya tawaye ne, ba zaman lafiya ba. Tsarin da aka gina kan haraji da tsoro shekara 18 kacal ya yi bayan Gero. A Yulin 982 Otto na 2 ya sha kashi a kudancin Italiya a hannun rundunar Abul Ƙasim, sarkin Musulmin Sisili, manyan Jamus da dama suka mutu a wurin, har da Markgraf Gunther na Merseburg. A ƙarshen Yunin 983 ƙabilun Slav na Liutizi suka tashi, suka faɗa wa Havelberg, bayan kwana 3 Brandenburg. Thietmar, bishop na Merseburg, ya ɗora laifin a kan girman kan Dietrich mai riƙe da Nordmark. Kusan shekara 150 aka yi ana naɗa masu sarautar Nordmark alhali mafi yawan ƙasar da ke tsallaken Elbe ba ta hannunsu.

Malam Habibu:
Wannan na ƙarshe ya kama hanyar tambayata. Ashe tun ƙarni na 11 ana iya riƙe sunan ba ƙasar.

Alhaji Mudi:
Ƙwarai. Kafin a kai Baden, a dubi inda abin ya yi kyau, wato Ostiriya. A 976 Otto na 2 ya naɗa Leopold na gidan Babenberg a kan siririyar ƙasa a gaɓar kogin Danub, ƙarƙashin Herzog na Bavariya, wato basaraken da ke riƙe da dukan lardin. A takardar 1 ga Nuwamba 996, inda Otto na 3 ya ba bishop na Freising gonaki 30 a Neuhofen, aka rubuta cewa wurin na cikin yankin da jama'a ke kira Ostarrichi. Daga nan sunan ƙasar ya fito. Babenberg suka yi ta matsawa gabas, suna zaunar da manoma, suna gina gidajen ibada, ɗa na gadon uba.

Abin da ya faru a Regensburg a Satumban 1156 ya cancanci a kalle shi da kyau. Kaisar Friedrich Barbarossa na son sasanta dangi biyu da ke rikici kan Bavariya. Heinrich Jasomirgott na Babenberg ya miƙa wa Kaisar tutoci 7, alamar ya saki Bavariya. Kaisar ya ba Heinrich Zaki, na ɗaya dangin, tutocin. Shi kuma ya mayar da 2, alamar ya saki ƙasar gabas. Kaisar ya ɗauki biyun ya damƙa wa Jasomirgott da matarsa Theodora, ya ce daga yau wannan Mark ta zama ƙasar Herzog. Takardar da aka rubuta ran 17 ga wata ta ba su gata mai yawa: 'ya mace na iya gado, ba sai sun halarci zaman fada ba sai wanda aka yi a Bavariya, ba sa fita yaƙi sai a ƙasashen da ke maƙwabtaka da su. A lura da dalilin ɗaga darajar. Jasomirgott ya riga ya zama Herzog, mayar da shi Markgraf ƙasƙanci ne. Ga matakin a fili ke nan: Herzog a sama, Markgraf a tsakiya, Graf a ƙasa.

Dakta Rabi:
A ɓangaren shari'a kuma muna da Sachsenspiegel, littafin dokokin Saksoni da Eike von Repgow ya rubuta tsakanin 1220 da 1235. Ya jera masu riƙon ƙasa hawa 7: sarki a na farko, manyan malaman coci masu ƙasa a na biyu, sarakunan da ba na coci ba a na uku, 'yantattun iyayen gida a na huɗu, haka har ƙasa. Ƙa'idar ita ce ba ka karɓar ƙasa daga tsaranka ba tare da darajarka ta sauka ba. Wanda ya karɓi ƙasarsa kai tsaye daga hannun sarki da tuta, shi ne Fürst, yana hawa na uku. Littafin ya lissafa irin waɗannan ƙasashen tuta 7 a Saksoni, 3 daga ciki Mark ne: Brandenburg, Meissen da Lausitz. Yawancin masu sarautar Graf kuwa daga hannun wani bishop ko Herzog suka karɓa, shi ya sa suke hawa na huɗu. Amsar tambayarka ta biyu ke nan a takarda, Malam Habibu.

Malam Ɗanlami:
Dakta, akwai abin da ke ja da wannan a cikin littafin. Tarar raina kotun Graf mai shari'a da ikon sarki sule 60 ce, ta Markgraf kuwa 30. In ya fi daraja, me ya sa tararsa ta zama rabi?

Dakta Rabi:
Saboda sittin ɗin ba ta Graf ba ce, Malam, ta sarki ce. Graf ba ya yanke hukunci a manyan ƙararraki sai ya karɓi izinin da ake kira Königsbann daga sarki, kuma wanda ya raina kotunsa sarki ya raina. Game da Markgraf kuwa littafin ya ce yana zaman shari'a da ikon kansa. Ba ya zuwa neman wancan izini. Tararsa ta fi ƙanƙanta, amma kotun tasa ce. Dubi kuma tazarar zama: babban zaman Graf duk mako 18, na Markgraf duk mako 6. A ƙasar da ake ta kafa sabbin ƙauyuka, rigimar gona da iyakar gona ba ta jiran wata huɗu. Kuma a cikin Mark ba a cika samun tsofaffin gidajen sarauta da tsofaffin kadarorin coci masu kariya daga hukuma kamar na yammacin daula ba, don haka ba mai shiga tsakaninsa da talakawansa sosai.

Malam Ɗanlami:
Na karɓi wannan a kan Brandenburg da Meissen. Ina dai jan hankali cewa Eike al'adar gabashin Saksoni ya rubuta, kada a shimfiɗa ta a kan Italiya ko kudancin Jamus.

Malama Sadiya:
Brandenburg ɗin ma ba takobi ne kaɗai ya gina ta ba. Albrecht, wanda ake wa laƙabi da der Bär, ya sami Nordmark daga Lothar na 3 a 1134. Sarkin Slav na Brandenburg, Pribislaw, Kirista ne mara magaji, ya yi masa wasiyyar garin, ya rasu a 1150. Wani mai da'awar gado, Jaxa, ya ƙwace, Albrecht ya karɓo ran 11 ga Yuni 1157, a shekarar ya fara rubuta kansa Markgraf na Brandenburg. Bambancinsa da Gero shi ne mutane ya kawo. Helmold na Bosau ya ce ya aika Utrecht da gaɓar Rhein, ya ɗebo mutanen Holland da Zeeland da Flanders, waɗanda suka san aikin janye ruwa daga fadama. Har yau akwai yankin da ake kira Fläming saboda su.

Yadda ake kafa ƙauye: mai ƙasa ya yi yarjejeniya da wani ɗan kwangila da ake kira Lokator. Shi zai nemo manoma, ya auna daji ya yanka wa kowane gida gona, gonar awon Flanders kusan hekta 17. Ana yafe musu haraji na wasu shekaru har gona ta kama. Ladan Lokator gonaki ne marasa haraji, da kujerar mai gari da ake gado, da kaso cikin tarar ƙaramar kotu, sau da yawa har da izinin injin niƙa ko gidan baƙi. Inda aka yanka ƙauye a kan rairayi mara albarka, mutane kan watse bayan shekarun yafiya, a bar kufai. A Meissen kuma an dace da azurfa a Freiberg a 1168, shi ya sa ake kiran Markgraf Otto na gidan Wettin mai arziki.

Bashir:
To me Markgraf na Brandenburg ke yi a zahiri cikin masu zaɓen nan 7?

Alhaji Mudi:
Dokar Karl na 4 ta 1356, wadda ake kira mai hatimin zinariya, ta tsara komai. Masu zaɓe su ne manyan bishop na Mainz, Köln da Trier, sarkin Bohemiya, Pfalzgraf na Rhein, Herzog na Saksoni, da Markgraf na Brandenburg. A Frankfurt ake zaɓe, rinjaye ya wadatar. Na Mainz ke tambayar ƙuri'a, Brandenburg ne na shida a faɗa, sannan na Mainz ya rufe. In kwana 30 suka wuce ba su daidaita ba, burodi da ruwa kaɗai za a riƙa ba su. A babbar liyafar fada kuma kowa da hidimarsa. Na Brandenburg shi ne babban mai kula da ɗakin sarki: zai zo a kan doki riƙe da tasoshin azurfa masu nauyin mark 12 da ruwa a ciki, da kyakkyawan tawul, ya sauka ya ba Kaisar ruwan wanke hannu. In aka auna da mark na Köln, mai kusan giram 234, azurfar ta kusa kilo 3. Abin da ya fi wannan nauyi a siyasa shi ne dokar ta hana raba ƙasar mai zaɓe, babban ɗa ke gaje ta dunƙule.

Ga wani abu da zai ba Malam Habibu sha'awa. Gidan Albrecht ya ƙare a 1320, ƙasar ta bi ta hannun gidajen Wittelsbach da Luxemburg, har sarki Sigismund ya ba Friedrich na Hohenzollern ita a 1415, aka yi bikin naɗin a Konstanz a 1417. Kafin nan Friedrich Burggraf ne na Nürnberg. Jikokinsa ne suka zama sarakunan Prusiya a 1701, Kaisar na Jamus a 1871, kuma har 1918 Markgraf na Brandenburg na cikin jerin sarautunsu.

Bashir:
Mark na awon azurfa da Mark na iyaka abu ɗaya ne?

Dakta Rabi:
A amfani daban suke. Na awo rabin fam ne, sunansa daga alamar da ake bugawa a jikin ma'auni ko curin azurfa, shi ne daga baya ya zama sunan kuɗin Jamus kafin yuro. Na iyaka shi ke cikin sunan Denmark da Steiermark ta Ostiriya. Tun da an ambaci Burggraf da Pfalzgraf, a taƙaice: Burggraf mai riƙe da ganuwar sarki ko ta bishop ne da shari'ar garin. Pfalzgraf asalinsa alƙalin fada ne, daga palatium na Latin. Landgraf ya zo a makare, sanannen na farko shi ne Ludwig na Thüringen wajen 1131, mai riƙe da ƙasa a cikin daula kai tsaye daga sarki ba Herzog a kansa.

Malama Sadiya:
Saura Baden. Amsar tana Italiya. Otto na 1 ya yanke Mark ta Verona a 952 don tsare hanyar duwatsun Alps, aka haɗa ta da Bavariya, daga 976 kuma da Kärnten. A 1061 aka ba Berthold na gidan Zähringen sarautar Herzog na Kärnten tare da Verona, amma bai taɓa samun iko na gaske a can ba. Ɗansa Hermann ya ɗauki sunan Markgraf na Verona, daga baya ya bar harkokin duniya ya shiga gidan ibada na Cluny, ya rasu a 1074. Jikan, Hermann na 2, ba shi da Verona, amma yana da daraja da ba ya son saki, yana kuma da gidan ganuwa na Hohenbaden. A takardar 1112 sai ga shi Markgraf na Baden. Sarautar ta bar ƙasar da aka yi ta dominta, ta bi jini, ta sauka a kan gidan da iyalin ke zaune. Haka ya faru da Ansbach da Bayreuth: rassan Hohenzollern ne da suka ɗauko sunan Markgraf daga Brandenburg suka kai shi tsakiyar Franken. Baden ta rabu biyu a 1535, ta haɗe a 1771, a 1806 mai ita ya zama Grossherzog, wato babban Herzog. Yankin inabi na kudancinta har yau Markgräflerland ake ce masa.

Malam Habibu:
Madalla, Allah ya ƙara sani. Abu ɗaya ya rage mini. Na ga ana daidaita Markgraf da marquis na Faransa da marchese na Italiya kamar abu ɗaya.

Malam Ɗanlami:
Tushensu ɗaya, marchio, kuma a farko aikin ma ɗaya ne. Matilda ta Toskana, wadda a gidanta na Canossa sarki Heinrich na 4 ya je neman afuwar Fafaroma a 1077, mai ƙasa ce da runduna. Amma daga baya hanya ta rabu. A Faransa ta ƙarni na 17 sarki kan ɗaga gonakin bafade da takarda su zama na marquis, ba runduna ba kotun kisa mai zaman kanta. A Ingila Richard na 2 ne ya shigo da sarautar a 1385 don ɗaukaka amininsa Robert de Vere. Markgraf na Meissen ko na Brandenburg kuwa yana buga kuɗi, yana karɓar kuɗin fito, yana gina ganuwa, haƙƙoƙin da dokar Friedrich na 2 ta 1232 ta ƙarfafa wa sarakunan daula. Don haka in ka ci karo da sunan a littafi, duba shekara, duba ko daga hannun sarki ya karɓi ƙasar, sannan duba ko ƙasar da aka jingina masa ita ce Mark ɗin ko gidan iyali ne kawai.

Bashir:
Yau akwai mai riƙe da ita a hukumance?

Dakta Rabi:
Babu. Tsohuwar daular ta rushe a 1806, sarakunan Jamus suka sauka a 1918. Sashe na 109 na kundin tsarin mulkin Weimar na 1919 ya soke gatan haihuwa, ya ce sunayen sarauta sun zama ɓangaren sunan iyali kawai, kuma ba za a sake ba da sababbi ba. Shi ya sa a takardun Jamus za ka ga Graf bayan sunan yanka, ba gabansa ba. Shugaban gidan Baden na amfani da Markgraf bisa al'adar gidansu, ba wani iko a tare da shi. Ostiriya ta fi tsanani: dokarta ta 3 ga Afrilu 1919 ta haramta sunayen sarauta gaba ɗaya, har da "von" da ke gaban sunan iyali.